Tudu da Kwari a Hanyar Gwanja: Faraku da Jugu

Wanda ya dubi taswirar arewacin Jamhuriyar Benin zai ga Faraku (Parakou) da Jugu (Djougou), garuruwa biyu da ke da tazarar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai, duk a kan tudu suke zaune, babu wanda yake bakin babban kogi. Faraku tana tsakanin kogin Weme (Ouémé) da reshensa Okpara. Jugu kuwa tana kusa da doron da ke raba ruwa biyu: wanda ya gangara gabas ya shiga Weme, ya bi ta har tafkin Nokuwe a gefen Kwatano, wanda ya gangara yamma ya nufi kogin Bolta a Ghana.

Wannan zama ya dace da bukatar fatake. A ƙarni na 19, lokacin da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ya kai ƙololuwa, ayarin jakuna na ɗauko kanwa da tufafi, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su yi zango a waɗannan garuruwa kafin su wuce Salaga. Madugu ba ya son kwari. Jaki mai kaya ba ya iya taɓo, kuma kurmin bakin rafi matattarar ƙudan tsando ne. Saboda haka tafiya ta zama ta rani, hanya kuma ta bi tudu gwargwadon hali. A Jugu, baƙin 'yan kasuwa suka zauna a unguwar Wangara, sarauta tana Kilir.

Ƙasar da suka taka tana da sirrinta. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,200, kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba, galibi da ƙarfin hadari. Ƙasar sama rairayi-rairayi ce, ba ta da kauri, a ƙarƙashinta kuma a wurare da yawa akwai marmara. Muddin doka da maje da kaɗanya da ɗorawa suna tsaye, gamba tana rufe da ƙasa, ganye ne ke tare dukan ruwa, saiwa ta riƙe ƙasa, ramukan gara da na tana su shigar da ruwan ciki. Daga nan yake tsattsafowa a hankali zuwa fadama. Ko a haka ma, Weme ta sama takan tsaya cak da rani, sai tafkuna jefi-jefi a cikin gadonta. Idan kuwa aka sare itace aka ƙone ciyawa, ruwan farko yakan tarar da ƙasa tsirara, ya daɓe fuskarta, ya gudu a kai yana kwasar ƙasar noma. 'Yar kororo ta zama kwazazzabo, inda kuma ƙasar sama ta ƙare sai marmara ta fito, rana ta gasa ta, fartanya ba ta sake shigarta.

Faɗuwar Kumasi a hannun Ingilishi a 1874 da yaƙin basasar Salaga na 1892 suka raunana hanyar goro. Faransawa suka mamaye yankin kafin ƙarnin ya ƙare, jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Faraku a 1936, ciniki ya juya kudu. Garin ya cika ya tumbatsa, ana neman gawayi da katako, gonakin doya da na auduga suna ta cin daji. Turawan mulki sun keɓe wasu dazuzzuka, irin su na Weme ta Sama da Wari-Maro. Manoma masu ƙaura daga arewa maso yamma, inda ƙasa ta gaji, sun ci gaba da matsowa gefensu, musamman bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ɗora musu laifi abu ne mai sauƙi, amma doya sabuwar ƙasa take so, kuma mutanen birni ne ke cin ta.

Birnin ma yana biyan nasa kason. Madatsar da aka gina a kan Okpara a 1969 ita ce ke shayar da Faraku, kuma ƙasar da ruwa ya ɗauke daga gonakin da ke sama da ita a cikinta take kwantawa, tana rage mata zurfi. A Jugu kuwa, ɗan kurmin Kilir da al'ada ta tsare yana nan a gefen gari, gidaje sun matse shi ta kowane ɓangare.