Daga Turu Zuwa Ƙauyen Aro



Yawancinmu idan muka sako mai taɓin hankali a labari, ko dai mu ɗaure shi a turu, ko mu sake shi a bola yara na jifansa. Alhali tarihin ƙasarmu ya ajiye mana hanya ta uku.

A zamanin Turawa an buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Yaba, Legas, a 1907. Wasu kuma kurkuku ake kai su, a haɗa su da fursunoni. Dokar da aka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, babbar damuwarta ita ce kare jama'a daga majinyaci. Warkewarsa kuwa sai abin da hali ya yi.

A 1954 wani matashin likita, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga karatu a Ingila ya kama aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta. Maimakon ya kulle majinyata, sai ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su hayar ɗakuna. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, wanda zai dafa masa abinci ya kuma sa masa ido. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, domin ya san jama'a sun yarda da su.

Kasada ce babba. Da majinyaci ɗaya ya yi ɓarna, mutanen ƙauye na iya korar kowa. Amma Lambo bai yar da tsaro ba, salonsa ya sauya: idon ɗan uwa da kulawar ma'aikatan jinya suka maye gurbin kwaɗo da mari. Majinyaci kuma bai manta yadda ake zama da mutane ba, balle komawa gida ta gagare shi.

Duk da haka, tsohuwar dokar nan ba ta kau ba sai a Janairun 2023, da aka sa wa sabuwa hannu.

Saboda haka kafin mu sake ɗaure wani a labarinmu, mu tambayi kanmu: wa ya rako shi, kuma wace rana zai koma gida?

Sai mun ji ra'ayoyinku.