Suluki a Birnin Kano

Suluki shi ne sunan da malaman tasawwufi suka ba tarbiyyar zuciya, wadda suke siffantawa da tafiya mai mafari da zanguna da maƙura. Mai yin tafiyar shi ne saliki ko muridi, mai yi masa jagora shi ne shehu, hanyar da ake bi kuwa ita ce ɗariƙa. A cikin birnin Kano, inda Ƙadiriyya da Tijjaniyya suka kafu, wannan koyarwa ta cuɗanya da tafiye-tafiyen ibada na zahiri, wato aikin Hajji da ziyarar waliyyai da Maukibi, har ya kasance ana bayanin tafiyar zuciya da tafiyar ƙafa, ana kuma neman ma'anar tafiyar ƙafa a cikin zuciya. Malaman ɗariƙun biyu sun haɗu a kan cewa ma'aunin tafiyar shi ne gyaruwar hali da tausayin da matafiyi ya dawo da su cikin mutane.

Asali

Tushen wannan siffa yana cikin Alƙur'ani, inda aka kira addini hanya madaidaiciya, aka kuma ambaci taƙawa a matsayin mafificin guzuri a tsakiyar ayoyin Hajji na Suratul Baƙara. Abdullahi al-Ansari na Herat, wanda ya rasu a 1089, ya tsara hanyar zuwa masaukai 100 a cikin Manazilus Sa'irin. Imam Gazali (1058–1111) ya ware babi a cikin Ihya'u Ulumiddin domin asiran Hajji, inda ya kwatanta harami da likkafani, rabuwa da iyali da barin duniya, tsayuwar Arfa kuwa da taron ranar alƙiyama. A cikin Minhajul Abidin, wanda ake jingina masa, an kasa hanyar zuwa tuddai 7 masu wuyar hawa, daga neman ilimi da tuba har zuwa yabo da godiya.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa malaman Wangarawa sun iso birnin daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wajen 1492, Shehu Muhammad al-Magili ya sauka a Kano, kuma al'adar malamai tana danganta shigowar Ƙadiriyya da shi. Ɗariƙar, wadda ke jingine da Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza (ya rasu 1166), ta ƙara ƙarfi da jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo (1754–1817), domin shi da manyan almajiransa Ƙadirawa ne. Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmad Tijjani (1737–1815) ya kafa, ta shigo ƙasar Hausa ta hannun matafiya, fitacce daga cikinsu shi ne Alhaji Umar Futi, wanda ya zauna a Sakkwato a shekarun 1830 a hanyarsa ta dawowa daga Makka.

Kafin zuwan jirgin sama, yawancin alhazan Kano ta ƙasa suke tafiya. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har zuwa gaɓar Bahar Maliya, su tsallaka zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin matafiyi yakan yada zango ya yi noma ko sana'a kafin ya sami guzurin ci gaba, wasu kuma sukan zauna ke nan a Sudan. Mutumin da ya yi irin wannan tafiya ya san yunwa da baƙunta da bukatar taimakon wanda bai sani ba, saboda haka masu sauraron wa'azin suluki a Kano ba su bukaci dogon bayani kafin su fahimci abin da ake nufi da hanya da haɗarinta ba.

Siffa

A koyarwar Ƙadiriyya da ɗariƙun da suka yi kama da ita, rai yana ratsa matakai 7. Na farko shi ne ammara, rai mai umarni da mugun aiki. Sai lawwama, mai zargin kansa bayan kuskure. Sai mulhama, wanda ake kimsa wa alheri. Sai muɗma'inna, mai natsuwa. Sai raliya da marliyya, wanda ya yarda da hukuncin Allah aka kuma yarda da shi. Na ƙarshe shi ne kamila. Ana taƙaita aikin cikin abubuwa uku: takhalli, wato kakkaɓe miyagun halaye irin su hassada da girman kai da riya da rowa, tahalli, wato ado da haƙuri da gaskiya da kyauta, da tajalli, wato buɗin sanin Allah da ke biyo baya.

Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900–1975), wanda tarbiyyarsa ta mamaye Tijjaniyyar Kano, ya gina bayaninsa a kan Musulunci da Imani da Ihsani, kowanne da masaukai 3. Tuba da istiƙama da taƙawa suna ƙarƙashin Musulunci. Gaskiya da ikhlasi da natsuwa suna ƙarƙashin Imani. Muraƙaba da mushahada da ma'arifa suna ƙarƙashin Ihsani. Abin hawan muridi shi ne wuridi. Lazimin Tijjaniyya ya ƙunshi istigfari 100 da salatin Annabi 100 da hailala 100, safe da yamma, ga kuma wazifa ta kullum da zikirin Juma'a bayan la'asar. Ƙadirawan Kano sun shahara da zikirin anfasu da bugun bandiri. Halwa, wato keɓewa domin ibada na wasu kwanaki, tana cikin kayan aikin, kuma da izinin shehu ake shiga ta.

Wajen bayani da Hausa, malamai sukan ɗauko misali daga fatauci, sana'ar da ta gina arzikin birnin. Shehu shi ne madugun da ya san rijiyoyi da wuraren 'yan fashi, 'yan'uwa na ɗariƙa su ne ayari, kowane mataki zango ne da ba a daɗewa a cikinsa, ayarin kuma ba ya barin wanda ya gaza a daji.

Maukibin Ƙadiriyya shi ne babban taron da ke bayyana wannan ma'ana a fili. Shehu Muhammad Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya kafa shi a farkon shekarun 1950 domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, kuma ana yin sa a watan Rabi'ul Sani. Jama'a sukan taso daga Gidan Ƙadiriyya da ke unguwar Kabara, kusa da Gidan Rumfa, sahu-sahu da tutoci da bandiri, ɗaliban makarantun Islamiyya cikin kayansu na bai ɗaya, su taka zuwa maƙabartar Wali Mai Giginya, inda ake addu'a da jawabin shugaban ɗariƙa. Bayan rasuwar Shehu Nasiru, ɗansa Shehu Ƙaribullah ne ke jagorantar taron. Ladubban ziyara su ne sallama ga mamata, yi musu addu'a, da tuna cewa makomar kowa ke nan.

Yaɗuwa

A cikin ganuwa, zawiyoyi da zaurukan karatu suna warwatse a tsofaffin unguwannin malamai irin su Madabo da Sharifai da Kabara da Ƙoƙi. A 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1926–1953) ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a wajen aikin Hajji, ya gayyace shi Kano. Bayan zuwan Shehu Ibrahim a tsakiyar shekarun 1940, malaman Salgawa, almajiran Malam Muhammadu Salga, suka karɓi tarbiyyarsa. Daga cikinsu akwai Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari (ya rasu 1970), da Shehu Abubakar Atiku na Sanka (ya rasu 1974), da Shehu Sani Kafinga. Ta hanyar 'yan kasuwa da almajirai, koyarwar ta bi hanyoyin fatauci zuwa Zariya da Katsina da Gusau, da Maraɗi da Damagaram, da zangunan Hausawa na Kumasi da Ankara.

Daga Kano ana fita ziyara zuwa Hubbaren Shehu Usman a Sakkwato, da Kaulaha a Senegal, da Fas a Maroko inda kabarin Shehu Ahmad Tijjani yake, da Bagadaza a Iraƙi. Siffanta rayuwar ruhi da tafiya kuma sananne ne a wasu al'ummu. Fariduddin Attar, mawaƙin Farisa, ya tsara Manɗiƙuɗ Ɗair a kan tsuntsayen da suka ratsa kwaruruka 7, John Bunyan na Ingila kuma ya wallafa labarin tafiyar Kirista mai neman tsira a 1678.

Muhimmanci

Malaman suluki suna koyar da cewa fana'i, wato ɓacewar ganin kai, yana da cikamaki, shi ne baƙa'i, inda saliki yake komawa cikin mutane da hidima. Masu wa'azi sukan kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Mubarak (ya rasu 797), wanda littattafan tarihi suka ruwaito cewa ya ga wata yarinya tana tsintar mushen tsuntsu saboda yunwa, sai ya ba iyalinta guzurin Hajjinsa ya koma gida. A aikace, zawiya takan zama masaukin baƙo da wurin ciyar da almajiri da zauren sulhu, muridi kuma yakan fara tarbiyya da shara da ɗebo ruwa da hidimar baƙi, komai matsayin gidansu. Halayen da ake nema sun yi daidai da abin da Hausawa ke kira kirki, wanda Anthony Kirk-Greene ya nazarta a 1974, ya lissafa gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci a cikin ginshiƙansa.

Ziyarar ƙaburbura da tawassuli sun daɗe suna jawo saɓani. Shehu Usman Ɗanfodiyo kansa ya yi gargaɗi a kan bidi'o'in maƙabarta a cikin Ihya'us Sunna. Shehu Abubakar Gumi (ya rasu 1992) da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun soki ɗariƙu da ayyukansu, malaman ɗariƙa kuma sun mayar da martani da littattafai da wa'azi. Duk da haka, ɓangarorin sun yarda cewa tsarkake zuciya wajibi ne, kuma alamar karɓaɓɓen Hajji ita ce mutum ya dawo da halin da ya fi wanda ya tafi da shi. A kan wannan ma'auni ne mutanen birni suke yi wa alhaji da muridi hukunci har yau.