Lambar da ta ƙaryata Fermat

A shekarar 1640, Pierre de Fermat, masanin shari'a a Faransa, ya ƙwallafa rai a kan wani jerin lambobi: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowacce daga ta bayanta take fitowa: a cire ɗaya, a riɓanya saura da kansa, a mayar da ɗayan. Duka biyar ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Ya sakankance haka jerin zai ɗore har abada, alhali ba shi da hujja.

Ta shida ce ta watsa masa ƙasa a ido. A 1732, shekara 67 bayan rasuwarsa, Leonhard Euler ya nuna cewa 4,294,967,297 ba komai ba ce illa 641 sau 6,700,417. Har yau ba a sake samun marar rabuwa a jerin ba.