Tarihin Ƙungiyar Ƙwallo ta Marine da Haɗuwarta da 'Yan Wasan Nijeriya a 1949

Idan ana maganar ƙwallon ƙafa a birnin Libaful na ƙasar Ingila, sunaye biyu ne ke zuwa bakin mutane, wato Liverpool da Everton. To amma a arewa da birnin, a garin Crosby da ke bakin teku, akwai wata ƙaramar ƙungiya mai suna Marine wadda ba ta taɓa shiga sahun manyan rukunoni huɗu na ƙwararru ba, duk da haka ta haura shekara 130 ba ta rushe ba. Tarihinta ya shafe mu kai tsaye, domin a filinta ne tawagar Nijeriya ta farko ta fara buga wasa a ƙasar waje.

Asalin Ƙungiyar

An kafa Marine a shekarar 1894. Wasu 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai ne suka haɗu a wani masauki mai suna Marine da ke unguwar Waterloo, daga nan kuma ƙungiyar ta samo sunanta. A farkon shekarun 1900 ta koma filin Rossett Park, inda take wasa har yau. Filin ƙarami ne ƙwarai. Gefe uku kaɗai 'yan kallo ke iya tsayawa, na huɗun kuwa bayan gidajen jama'a ne, har ma an rubuta lambar kowane gida a jikin shinge, ta yadda idan ƙwallo ta faɗa za a san ƙofar da za a je a yi sallama.

A wancan zamani 'yan wasan Marine na sa-kai ne, ba a biyan su albashi. Kowa na da sana'arsa, sai ranar Asabar a haɗu a fili. A haka suka kai wasan ƙarshe na Kofin 'Yan Sa-kai na Ingila a 1932, inda Dulwich Hamlet ta lallasa su da ci 7 da 1.

Baƙi Daga Nijeriya

A watan Agusta na 1949 jirgin ruwa mai suna Apapa ya sauke 'yan wasa 18 daga Nijeriya a tashar Libaful. Etim Henshaw ne kyaftin ɗinsu, cikinsu kuma akwai mai tsaron gida Sam Ibiam da Teslim Balogun, wanda ake yi wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa. Ƙungiyoyin sa-kai aka shirya su kara da su, Marine kuwa ita ce ta farko. Mutum kimanin 6,000 suka cika Rossett Park, adadin da har yau filin bai sake ɗauka ba. Yawancin baƙin ba su sa takalmi ba, ƙyalle kawai suka naɗe ƙafa da shi, amma suka ci Marine 5 da 2.

Wasa tara tawagar ta buga a wannan rangadi: ta ci biyu, ta yi kunnen doki biyu, aka cinye ta biyar. A hanyar komawa gida ta tsaya a Firitawun ta ci Saliyo 2 da 0, wanda shi ne wasan Nijeriya na farko da wata ƙasa.

Zamanin Roly Howard

A 1972 Marine ta ɗauki Roly Howard a matsayin mai horar da 'yan wasa, mutumin da sana'arsa wanke tagogi ce. Bayan shekara biyu Hukumar Ƙwallon Ingila ta soke bambanci tsakanin ɗan sa-kai da ƙwararre, sai ƙungiyar ta soma biyan 'yan wasanta ɗan alawus, suna kuma ci gaba da ayyukansu. Howard ya riƙe ragamar har 2005, wato shekara 33, ya jagoranci wasa 1,975, abin da ya shigar da sunansa kundin Guinness. A hannunsa ne Marine ta kai zagaye na uku na Kofin FA a 1993, ta kuma lashe gasar rukuninta a 1994 da 1995 a jere. Sai da ya haura shekara 20 a kan aiki kafin waɗannan nasarori su zo, shugabannin ƙungiyar kuma ba su gaji da shi ba.

Wasan Tottenham

A ranar 10 ga Janairu, 2021, Tottenham Hotspur ƙarƙashin Jose Mourinho ta zo Rossett Park a zagaye na uku na Kofin FA. Marine tana mataki na takwas a lokacin, cikin 'yan wasanta har da malamin makaranta da mai kwashe shara. Annobar korona ta hana shigar 'yan kallo, wanda ke nufin asarar kuɗin ƙofa mafi tsoka a tarihin ƙungiyar. Sai shugabanninta suka sa tikitin goyon baya a intanet a kan fam 10, aka sayi sama da 30,000, da dama daga magoya bayan Tottenham. An ci Marine 5 da 0, maƙwabta na leƙowa ta saman shinge, amma ta fita da kuɗin da ya tsayar da ita da ƙafafunta. A 2024 ta hau mataki na shida.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa kofunan Marine ba su da yawa. Abin da ya raya ta shi ne fili guda da ba ta rabu da shi ba, da mutanen gari masu yi mata hidima don ƙauna, da haƙuri da mai horarwa, da kuma adana tarihinta a rubuce. Saboda wannan adanawa ne muke iya faɗin adadin waɗanda suka kalli 'yan Nijeriya a 1949. Ƙananan ƙungiyoyin garuruwanmu ma suna da irin waɗannan labarai a bakin dattawan da suka buga musu wasa, kuma malaman makaranta su ne suka fi dacewa su je su rubuto su tun masu labarin suna raye.