Angurya da Sikeli: Tarihin Kasuwancin Auduga a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Tun kafin zuwan Turawa manoman kudancin Katsina suke noma auduga. Mata ke gurje ta a kan dutse da magurji, su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake kuma su kai Kano da sauran kasuwanni. Aikin gona yana ƙarƙashin gandu ne: maigida ke raba aiki, shi ke riƙe rumbu, shi ke biyan haraji, ƙanne da 'ya'ya kuma kowa da gayaunarsa. Wannan ne tsarin da inji ya tarar.

A shekarar 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchesta, domin su rage dogaro da audugar Amurka. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai suka ɗauka buƙata ta biya. Amma manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi riba, audugar da ya noma kuwa masaƙan gida sun fi Bature saye da daraja. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, inda damina ta fi tsawo, ƙasa kuma ta fi riƙe ruwa, a nan auduga ta sami gindin zama. Aka shigo da irin Allen na Amurka, aka buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922, aka keɓe gonar yaɗa iri a Daudawa. Kafin ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi.

Abin da ya riƙe wannan harka tsari ne mai tsanani. Kowace shekara ana raba wa manoma angurya iri guda, wadda ta fito daga gidan gurza. Ana sayen auduga a kasuwannin da hukuma ta amince da su kawai, inda malamin auduga zai duba ta, ya ba ta lamba, sannan a ɗora a sikeli. Bayan tsinka wajibi ne a tuge karan a ƙone, don kada tsutsa ta sami mafaka har wata damina. Rayuwar aiki ma ta sauya. Matashin da ya gama aikin gandu yakan shiga gidan gurza da rani, ya koyi aiki da agogo da karɓar lada a ƙarshen wa'adi. Matan da ke kaɗi kuwa sana'arsu ta yi ta ja da baya.

Tsarin yana da nasa zalunci. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga, a 1954 kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta karɓi aikin. Ita ke yanke farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga asusun gwamnati. Da guminsa manomi ya taimaka wajen gina Arewa, har masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, amma ba a zauna da shi ranar yanke farashi ba.

A tsakiyar shekarun 1970 fasaha ta sake zuwa da sabuwar riga. Da rancen Bankin Duniya aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Aka yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa, aka buɗe cibiyoyin sayar da taki da maganin feshi. Masu shirin sun so auduga ta haɓaka, sai dai manomi ya sake yin lissafinsa. Auduga tana son shuka da wuri da feshi akai-akai, a daidai lokacin da hatsi ke neman hannu. Masara kuwa ta karɓi taki, ana ci, ana sayarwa. Don haka masara ta mamaye gonaki. Masu bincike sun kuma nuna cewa manyan manoma ne suka fi morar shirin, domin su malaman gona suka fi ziyarta.

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin ciniki. Manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, amma aka rasa mai kula da iri da awo. Angurya ta gauraye, aka riƙa ɗura auduga a buhunan leda waɗanda zarensu ke ɓata ta a masaƙa, darajarta ta faɗi. Ƙarancin lantarki da kwararowar yadin fasa-ƙwauri suka durƙusar da yawancin masaƙun Kaduna da Kano, dubban ma'aikata suka koma gida.

Wannan tarihi ya nuna cewa sau biyu aka kawo wa manomin yankin fasaha ba tare da an tambaye shi ba, sau biyu kuma ya amsa da abin da ya shuka. Da aka cire masa takunkumi, sai aka haɗa da amanar iri da ta sikeli. Yau ana maganar sabon irin auduga mai jure tsutsa, da farfaɗo da masaƙu, da tashar kaya ta kan tudu a Funtuwa. Duk wanda zai zuba jari a nan ya kamata ya fara da abu uku: iri mai tsabta a kan lokaci, awo na gaskiya, da farashin da manomi ya sani kafin ya kai garma gona. Idan aka rasa waɗannan, manomin Bakori da na Ɗandume zai ci gaba da shuka masara da waken suya, injin gurza kuma ya zauna babu abin gurzawa.