DAGA GARKI ZUWA BURKINA FASO: TARIHIN LISSAFIN SAURO

Tun da gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da aikin Target Malaria a watan Agustan 2025 nake ganin ana yaɗa cewa wai Turawa sun ƙera sauro don su ƙarar da mu. Jama'a, mu ɗan koma baya, don tarihin nan ya bi ta ƙofar gidanmu.

A 1897 wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya. Daga baya ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba: in yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar da kanta za ta mutu.

A Garki ta Jigawar yau aka gwada irin wannan lissafi. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi aiki ƙauye-ƙauye, ana ɗibar jini, ana ƙirga sauro, aka yi feshin ɗakuna, aka raba magani. Cutar ta ragu sosai, amma da aka daina sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wani sauron in ya sha jini waje yake fita ya huta, feshin bango bai same shi ba.

A 2003 kuma Austin Burt, masani a Landan, ya lissafa cewa za a iya dasa wa sauro ƙwayar gado da za ta bi kusan dukkan 'ya'yansa maimakon rabi. A 2018 aka gwada a keji, sauron ya ƙare ƙarƙaf cikin zuriya 7 zuwa 11. Wanda aka saki a ƙauyen Bana na Burkina a 2019 ba wannan ba ne. Maza ne marasa haihuwa, kuma namijin sauro ba ya cizo.

To, ni dai ban yarda da jita-jitar ba, amma ban manta da Garki ba: keji daban, daji daban. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya 'yan Najeriya ne, yawancin masu mutuwa kuwa ƙananan yara. Kafin maganar ta iso mana, masananmu su duba lissafin da kansu, a kuma zauna da mutanen ƙauye a ji ta bakinsu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.