Tarihin Mulkin Ƙananan Hukumomi a Agege da Ajegunle: Matsalar Nisa Tsakanin Hukuma da Talakawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bibiyi tarihin yadda aka mulki unguwannin Agege da Ajegunle na Legas, inda Hausawa suka daɗe da zama, don a nuna cewa ƙarfin hukuma na yi wa jama'a aiki ya danganta ne ga kusancinta da su, da kuma kuɗin da ke hannunta.

2.0 Kafuwar Unguwannin

Fataucin goro shi ne ya jawo Hausawa zuwa Agege a farkon ƙarni na 20. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Legas ta ratsa ta Agege, ta kai Ibadan a 1901, ta isa Kano a 1911. Wannan ya sauƙaƙa ɗaukar goro zuwa Arewa da kawo shanu Kudu, har zango ya kafu. Ita kuwa Ajegunle ta cika ne da leburori da 'yan ƙwadago masu aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa.

A irin waɗannan zangogi Sarkin Hausawa ne ke saukar da baƙi, ya sasanta rigingimu, ya kuma zama tafinta tsakanin jama'arsa da hukuma. Abner Cohen ya bayyana makamancin wannan tsari a nazarinsa na Sabon Ibadan wanda aka buga a 1969.

3.0 Matsalar Kan Iyaka

Lokacin da aka mai da birnin Legas yankin tarayya a 1954, Agege da Ajegunle sun kasance a cikin Jihar Yamma, wadda hedikwatarta ke Ibadan. Ke nan, lebura yana aiki a Apapa ƙarƙashin wata hukuma, yana kwana a Ajegunle ƙarƙashin wata daban. Sunan kasuwar Boundary ya samo asali ne daga wannan iyaka. Jama'a suka yi ta ƙaruwa, amma magudanan ruwa da tituna da ruwan famfo ba su biyo su ba. Sai a ranar 27 ga Mayu 1967, da aka ƙirƙiro Jihar Legas, birnin da kewayensa suka koma hannun gwamnati ɗaya.

4.0 Gyare-gyare da Taƙaddama

Gyaran 1976 ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na mulki a Nijeriya. Daga baya, a 1996, aka yanko Ajeromi-Ifelodun, wadda Ajegunle ke cikinta, yawan ƙananan hukumomin ƙasar ya kai 774. Legas ta tsaya da 20, Kano kuwa tana da 44. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 680,000 a Ajeromi-Ifelodun kaɗai. Da wuya majalisa ɗaya ta iya kula da shara da kasuwanni da ɗakunan shan magani na jama'a mai yawa haka.

Saboda haka gwamnatin Bola Tinubu ta ƙirƙiro ƙarin hukumomi 37 a 2003. Shugaba Olusegun Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, magana ta kai Kotun Ƙoli. A Disamba 2004 kotun ta yanke hukunci cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin tsarin mulki. Aka mai da su yankunan raya ƙasa, cikinsu har da Orile-Agege da Ifelodun. Ragowar kuɗin ba a sake shi ba sai a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, a 2007. Haka kuma, a ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa manyan ayyuka a Agege, kamar gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 da layin jirgin ƙasa na jiha da aka ƙaddamar a 2024, gwamnatin jiha ce ta yi su. Amma kwata da bola da rumfar kasuwa, waɗanda talaka ke gani kullum, suna bukatar hukumar da ke kusa, mai kuɗin kanta, wadda kuma ke jin harshen mazauna wurin. Inda hukuma ta kasa kaiwa, bahaushen zango fadar Sarkin Hausawa yake kai kukansa, kamar yadda kakanninsa fataken goro suka yi.